Makau Dillali da Garin Fidelis

Makau dillalin shanu ne, kuma daga karar Anka, wato kasuwar shanu, har ta Gummi da wuya ka sami wanda ya sayi saniya ta hannunsa ya kwana yana da-na-sani. Sai dai ba shanu ne suka fi cin ransa ba. Abin da Makau ba ya iya jurewa a duniya shi ne ya ga abu bai san kansa ba. In ka sayo sabuwar fitila sai ya karɓa ya juya ta, ya kwance gindinta, ya tambaye ka wa ya ƙera. Matarsa Atine ta daɗe da daina sayen abu mai murfi, don ta san kafin ta juyo maigidan ya buɗe.

A shekarar da dala ta yi tashin gwauron zabo ne Allah ya haɗa shi da abin da ya fi ƙarfin tambayoyinsa. Akwai wani malamin sakandare, Cornelius, mutumin wajen Kafanchan, da ke haya a ɗakin ƙofar gidansa. Mutum ne mai sanyin hali, ba ya shiga sabgar kowa. Kullum in ya taso daga makaranta sai ya zauna ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida ya duƙufa a kan waya, wani lokaci ya yi murmushi, wani lokaci ya yi tsaki. Makau ya daure, ya daure, har ranar da daurewar ta ƙare ya jawo kujera ya zauna kusa da shi.

"Malam, wai mi kaka kallo cikin wagga waya kullum? In amarya ta ka hwaɗi muna mu shirya."

Cornelius ya yi dariya ya miƙa masa. Makau ya kanne ido ɗaya ya duba, sai ga gari sukutum a tafin hannunsa. Ga ganuwa, ga rumbuna, ga gonaki kore shar, ga wasu 'yan mitsi-mitsin mutane suna ɗaukar itace suna kai da kawo ba mai tsayawa gaisuwa. Ya kai yatsa ya taɓa ɗaya, ɗan mutumin ya ɗago masa hannu. Saura kaɗan Makau ya yar da wayar.

Daga nan fa Cornelius ya shiga uku. Wa ke ciyar da su? In an kashe waya ina suke zuwa? Suna mutuwa? Ina kararsu? Da ya ji cewa garin ba shi da shanu, tumaki ne kawai, sai da ransa ya ɓaci, ya ce wanda ya tsara wannan wasa bai taɓa yin arziki ba. Amma washegari shi ya riga malamin zuwa gindin bishiyar.

Ana cikin haka wata rana ya nuna rubutun da ke saman ƙofar garin ya ce, "Nan mi anka rubuta?"

"Fidelis," in ji Cornelius. "Sunan ƙanena ne, Baba. Garinsa ne, ni tsaro nake yi."

A hankali labarin ya fito. Fidelis ya tafi Dubai aikin gini, can ya buɗe wasan, yana gina garin a lokacin hutun cin abinci. Da ciwo ya kwantar da shi a asibiti sai ya turo wa yayansa lambar sirrin shiga, ya ce ya riƙa duba masa kafin ya warke. Bai warke ba. Can aka binne shi bara. Tun daga lokacin Cornelius bai matsar da ko dutse ɗaya a garin ba. Akwai wani layin itatuwa da Fidelis ya dasa a karkace, da rijiya a bakin ƙofa daidai inda ta gidansu take a ƙauye. Makau ya ji tausayi ya kama shi sosai, ranar bai ƙara tambayar komai ba sai da aka yi la'asar.

Matsalar ta taso ne da masu wasan suka yi shelar babban yaƙi. Ranar Asabar bayan azahar za a buɗe iyakoki, duk garin da ba shi da garkuwa, wanda ya fi shi ƙarfi zai iya cinye shi, a goge sunan mai shi a sa wani. Garkuwa kuwa da sulallan wasa ake sayenta, su kuma sulallan da kuɗi na gaske. Cornelius ya gwada katinsa na banki ya ƙi, don a wannan shekarar bankuna sun tsuke sayayyar waje.

Makau ya riƙe haɓa. "Tsaya, Malam. Ka ɗauki kuɗɗin da ka sayen hatsi, ka sai kuɗɗin da ba su sayen ko ƙuli-ƙuli?"

"Haka ne, Baba."

"To wa ka buga su?"

"Masu wasan."

"In sun ƙare hwa?"

"Ba sa ƙarewa. Dannawa kawai suke yi."

Makau ya shiga lissafin irin wannan sana'a, saniyar da ba ta cin dusa kuma ba ta ƙarewa, ya ce lallai akwai mutane a duniya. Amma da ya dubi fuskar malamin ya ga babu wasa a cikinta, sai ya bar zolaya. Idan Asabar ta zo babu garkuwa, abu na ƙarshe da Fidelis ya taɓa da hannunsa zai tafi.

Masu sayarwa kam ba a rasa ba. Wani ya yi ta turo saƙo yana cewa zai ba da sulalla a rabin farashi, sharaɗinsa kawai a ba shi lambar sirri ya shiga ya zuba da kansa. Cornelius ya san irinsu. Ya ce akwai abokan wasa da suka ba da lambar, gari ya waye suka tarar an canja ta an sayar da garin ga wani. Duk da haka Makau ya ce a kira masa mutumin, yana so ya ji muryar ɓarawon da ke satar gari.

"Salamu alaikum. Kai ɗan wane gari na? Wa as san ka? Ina rumhwarka take in zaka in gane ka?"

Ƙit aka kashe wayar. Makau ya ji haushi, ba don komai ba sai don yana da sauran tambayoyi.

Hanyar da ba ta da haɗari, in ji Cornelius, ita ce a sayi kati irin na waya, a kankare, mutum ya shigar da lambar da hannunsa, ba wanda ya ga sirrinsa. Amma a wurin mai shago za a saya, wanda in abu ya ɓaci an san inda za a same shi. A Anka ya zaga bai samu ba. Nan Makau ya buga cinya. Akwai Umaru a Gummi, ɗan abokinsa Bala mai gishiri, yana da shagon waya a bakin kasuwa, kuma ya sha ganin samari sun yi cincirindo a wurin suna maganar wasanni. Ga shi gobe Juma'a dama zai kai shanu Gummi, Cornelius kuwa yana da tsaron jarrabawa ba zai iya motsawa ba.

Da sassafe malamin ya ba shi kuɗin, ya sa ya maimaita sunan wasan har ya zauna masa a baki. Yana ɗaura agogo yana sauri ya ce, "Baba, ka gaya masa a Dubai aka buɗe wasan. Ko ka ba shi lambata ya kira ni da an tashi."

"Malam, tahi wurin ɗiyan mutane. Ciniki aikina na."

To, a nan ne fa ya kamata a san wani abu game da dillalai. Dillali ba ya haɗa mai saye da mai sayarwa baki da baki sai an sallama. Ba ya bari mai kaya ya san cewa mai saye ya matsu, ba ya bari ya ji ƙanshin kuɗi a jikinsa. Wannan ba mugunta ba ce, kariya ce, kuma da ita Makau ya ci abinci tun yana saurayi. Tun a mota, kafin su kai Daki Takwas, ya riga ya yanke shawara. Dubai? Ka shiga kasuwa ka ambaci Dubai? Ai ko ɗan abokinka ne sai ya ninka maka. Balle a ce gadon mamaci ne ake son ceto kafin gobe. Wannan magana ba za ta fito daga bakinsa ba.

Da ya gama da shanu ya nufi shagon. Umaru ya taso da sauri ya durƙusa ya gaishe shi, ya kore wani saurayi daga kan benci, ya aika a kawo ruwan sanyi. Aka tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Sannan Makau ya ambaci sunan wasan a kasalance, kamar wanda aka aiko sayen allura.

"Akwai, Baba," in ji Umaru. "Wane yanki na?"

"Wani malamin makaranta na, nan Anka. Talaka na, albashi ma bai zaka ba."

"A'a, ina nuhin inda anka buɗe wasan. Ba ni lambatai in tambaye shi."

"Shina jarrabawa. Kai dai hwaɗi kuɗɗin kayanka."

Abin mamaki, mutumin da ke kwance gindin fitila don ya ga abin da ke ciki bai tambayi yaron nan dalilin wannan tambaya ba. Ta zo masa har maƙogwaro ya haɗiye. A wurin ciniki kaɗai Makau ke haɗiye tambaya, don a ganinsa duk wanda ya cika tambaya ya nuna yana so. Umaru ya ɗaga kafaɗa ya ce in dai ɗan Anka ne to na Afirka ne, ya jawo kati daga akwati. Makau ya taya, Umaru ya ce albarka, ya ƙara kaɗan, ya tashi kamar zai tafi, ya ambaci zumuncinsa da Bala, har yaron ya gaji ya sallama a farashin da ko ribar ruwan da ya sayo bai fitar ba.

Da ciniki ya faɗa sai bakin Makau ya buɗe. Wa ke kawo katin? Me ya sa ake rufe lambar da azurfa? In aka jiƙa shi sulallan za su narke? Umaru yana amsawa yana sallamar masu caji, bai sake komawa kan maganar yanki ba. Makau ya soke katin a cikin hularsa ya hau mota yana jin daɗin kansa.

Ana shirin kiran magariba ya iso. Ya miƙa wa Cornelius katin da canjin da ya rage, yana jiran yabo. Malamin ya yi godiya har da riƙe masa hannu biyu, ya kankare azurfar da ɗan makulli, ya shigar da lambar a hankali. Wani jan rubutu ya fito. Ya sake shigarwa, ya sake fitowa.

"Mi yac ce?"

"Ya ce katin ba na yankina ba ne." Cornelius ya ɗago. "Baba, ka gaya masa Dubai?"

Makau ya buɗe baki zai kawo bayanin dillalai, sai ya ji bayanin ya yi masa nauyi. Ya ce, "Ban hwaɗi ba. Na ga kamar za shi tsawwala maka."

Sai a lokacin ya sami amsar tambayar da ya haɗiye. Masu wasan sun raba duniya yanki-yanki, kowane yanki da rumbunsa da kuɗinsa. Garin Fidelis yana can yankin ƙasashen Larabawa inda aka kafa shi, ko da wayar tana Anka. Katin Afirka ba ya shiga can, kuma katin da aka kankare ba ya komawa. Cornelius ya yi wannan bayani da murya ƙasa-ƙasa, bai ɗaga harshe ba, bai ce kai ka jawo ba. Makau ya gwammace a ce zaginsa ya yi.

Suka kira Umaru. Yaron ya ce, "Haba Baba, ai sai da nit tambaye ka." Katin wancan yanki ba ya ajiyewa, sai dai ya sa wani mutuminsa a Kano ya turo lambar ta saƙo, shi kuwa mutumin ya rufe shago sai gobe. Makau ya ce a saya ko nawa ne, daga aljihunsa, kuma karon farko a rayuwarsa bai taya ba.

Asabar ta waye. Mutumin Kano bai buɗe da wuri ba, an ce ya tafi ɗaurin aure. Da ya dawo, nasa ya ƙare, sai ya nema a wurin wani. Sabis ya ɗauke a Anka ya dawo, ya sake ɗaukewa. Makau ya kira Umaru har yaron ya fara amsawa da "Baba, wallahi ina kai" tun kafin a yi sallama. Atine ta aiko da fura ba wanda ya taɓa. Cornelius ya kwashe 'yan sojojin da garin ke da su ya jera a kan ganuwa, ya zauna yana kallon layin itatuwan nan.

Da aka kira azahar Makau ya tafi masallaci, ya yi addu'ar da bai san yadda zai tsara ta ba, don bai taɓa roƙon Allah a kan garin da ke cikin waya ba. Kafin ya dawo an fara. Wasu jajayen layuka sun taso daga gefen allon suna nufo garin ta ko'ina. Ya zauna ya kafa ido. Ko a wannan hali sai da ya ji yana son sanin su waye, daga wace ƙasa, ko sun san abin da suke rushewa, ya kuwa ji kunyar kansa.

Ganuwar ba ta daɗe ba. Rumbunan suka kama wuta, 'yan mutanen nan masu ɗaukar itace suka watse, sannan suka ɓace. Hayaƙi ya rufe rijiyar. Allon ya yi duhu na ɗan lokaci, da ya dawo garin na nan amma tutocinsa sun canja, a saman ƙofa kuma an rubuta wani suna da haruffan da ko malamin bai iya karantawa ba. Wasan ya tambaye shi cikin ladabi ko yana so ya fara sabon gari.

Ba a jima ba wayar ta yi ƙara. Saƙon Umaru ne, da lambar katin. Cornelius ya karanta, ya kife wayar a kan benci, ya tashi ya shiga ɗaki ya turo ƙofa.

Makau ya san yadda ake gyara cinikin da ya ɓaci. A mayar da saniya, a mayar da kuɗi, dillali ya yafe la'adarsa, a sha hannu. Ya juya wannan ta kowace fuska bai ga abin da zai mayar ba. Ya shiga gida ya zauna a kan turmi ya gaya wa Atine komai, bai rage wa kansa laifi ba. Yana jiran ta yi masa tsiya kamar yadda ta saba, sai ta ajiye tsintsiya ta ce, "Shi yaron, da yar rasu, an yi mashi zaman makoki?"

Makau bai sani ba. Ya fita ya tsaya a bakin ƙofar malamin ya yi sallama, ya tambaya daga waje. Malamin ya amsa daga ciki. Ba a yi ba. Yana cikin aji aka kira shi aka gaya masa, ya koma ya ƙarasa darasin. A gida kuma tsohonsu ya ce ba zai zauna karɓar gaisuwa ba alhali bai ga gawa ba, kowa ya ci gaba da harkarsa.

Washegari Lahadi, kafin Cornelius ya dawo daga coci, Makau ya share ƙofar gida ya shimfiɗa tabarmi har bakin hanya. Ya aika kara, ya aika makaranta, ya aika wa Philomena ma'aikaciyar jinya da suke coci ɗaya da malamin ta sanar da mutanensu. Atine ta ɗora tukunya. Maƙwabta suka fito suna tambayar wa aka rasa.

"Ƙanen Malam."

"Inna lillahi. Yaushe?"

"Bara. Ba mu zauna ba, yau muka zama."

Sai suka cire takalma. Da Cornelius ya shawo kwana da littafinsa a hannu ya ga mutane, sai ya tsaya cak. Ga dillalai da mahauta, ga malaman makarantarsu, ga matan coci da ɗankwalayensu a gefe ɗaya. Makau ya taso ya kama hannunsa ya kai shi tsakiyar tabarma ya zaunar, bai iya haɗa ido da shi ba.

Wani tsohon Bafulatani mai kawo shanu daga wajen Bukkuyum ne ya fara matsowa. Ya riƙe hannun malamin ya ce Allah ya ba da haƙuri, sannan ya tambayi sunan marigayin. Cornelius ya faɗa. Tsohon ya gwada, harshensa ya kasa, ya sake gwadawa har ya kama. Ya ce, "Yaro na mai hankali?"

"Ba ya jin magana," in ji Cornelius. "Tun yana ƙarami. In ka ce ya bi nan sai ya bi can. Ko layi ɗaya bai iya ja a miƙe ba, ni nake..."

Bai ƙarasa ba. Ya kife fuskarsa a kan hannun tsohon ya fashe da kuka mai sauti, irin na wanda aka gaya wa yanzu. Tsohon bai janye hannun ba, mutanen da ke bayansa kuma suka gyara zama suna jiran layinsu.